Sharhi: Wasan Gida da Nauyin Burin Magoya Bayan Zamalek

A duk lokacin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Zamalek ke shirin karɓar baƙuncin wata abokiyar karawa, mahawara kan ɓarke a birnin Giza na ƙasar Masar a game da yadda ya kamata a tsara 'yan wasa a fili. To sai dai kuma tarihin ƙungiyar na yin nuni da cewar abin da magoya baya ke buƙata da kuma abin da ke kawo kofi ba kullum ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba.

Tun ana sauran kwanaki biyu ko uku a shiga fili ake fara buga wasan da fatar baki a shagunan shan shayi da gahawa na unguwar Mit Uƙba, inda hedkwatar ƙungiyar take a gaɓar yammacin kogin Nilu. Da direban tasi da ɗalibin jami'a da tsohon ma'aikacin gwamnati, kowanensu na da jerin sunayen 'yan wasa 11 da yake ganin ya kamata a fara da su, kuma kowanensu ya riga ya san wanda za a ɗora wa laifi idan al'amura suka caɓe. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan ƙwallo a Fagge ko Maraɗi ko zangon Kumasi. Abin da ya bambanta magoya bayan Zamalek da saura shi ne kasancewar buƙatunsu guda biyu ne a haɗe. Suna son nasara, suna kuma son a samu nasarar cikin gwaninta da ƙayatarwa. Ci ɗaya da nema da aka samu da jiɓin goshi ba ya kashe musu ƙishirwa.

Wannan buri nasu yana da tushe. Ƙungiyar, wadda wani lauya ɗan ƙasar Beljiyam mai suna George Merzbach ya kafa a shekarar 1911, ta sha canza suna, har ma ta taɓa ɗaukar sunan Sarki Faruƙ kafin a raɗa mata Zamalek bayan juyin mulkin 1952. Amma laƙabin da magoya bayanta suka fi tinƙaho da shi shi ne na makarantar fasaha da injiniyanci, wato wurin da ake murza leda da basira da lissafi. Iyaye kan ba wa 'ya'yansu labarin Hamada Imam da Hassan Shehata da Faruƙ Ja'afar, su kuma 'ya'yan su ba da labarin Hazim Imam da Shikabala, wanda ya yi ritaya a shekarar 2025. A ganin mai goyon bayan Zamalek, babbar abokiyar hamayyarsu Al Ahly, wadda ta lashe gasar ƙasar fiye da sau 40, tana iya taƙama da yawan kofuna, amma kyan wasa na masu farar riga mai ratsin ja biyu ne.

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa a yammacin Afirka ma sun san wannan ƙungiya farin sani. A Zamalek ne Emmanuel Amunike na Nijeriya ya yi fice kafin ya ci wa ƙasarsa ƙwallaye biyun da suka ba ta kofin Afirka a Tunisiya a shekarar 1994. Kazalika sau biyu ƙungiyar Shooting Stars ta Ibadan na kaiwa wasan ƙarshe na gasar cin kofin zakarun Afirka, a 1984 da kuma 1996, kuma a dukkan lokutan biyu Zamalek ce ta raba ta da kofin.

To amma fa idan aka ajiye zuma da kirari a gefe ɗaya, aka duba yadda aka ciwo waɗannan kofuna, za a tarar da wani labari dabam. Sau biyar Zamalek ta zama zakaran nahiyar Afirka, a 1984 da 1986 da 1993 da 1996 da kuma 2002. Uku daga cikin waɗannan kofuna biyar da bugun fenariti ta same su: a kan Africa Sports ta Abidjan a 1986, da Asante Kotoko ta Kumasi a 1993, sai kuma Shooting Stars a 1996. A karawar da ta yi da Kotoko ko ƙwallo ɗaya ba a zura a raga ba, a Kumasi da Alƙahira baki ɗaya. A shekarar 2002 kuwa ƙwallo ɗaya tak da Tamer Abdel Hamid ya ci a Alƙahira ce ta raba gardama tsakaninta da Raja Casablanca ta Maroko, bayan an tashi babu ci a karawar farko. Haka lamarin ya sake kasancewa a gasar kofin Confederation, inda sau biyu, a 2019 da 2024, Zamalek ta sha kaye a birnin Berkane na Maroko, sannan ta dawo gida ta ci ɗaya da nema, wanda a karon farko ya kai ta ga bugun fenariti, a karo na biyu kuma ya ba ta kofin sakamakon ƙwallon da ta ci a waje. Ko a shekarar 2000, lokacin da ta lallasa Canon Yaounde da ci 4 da 1 a gida a wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofi, sai da ta sha kaye da ci biyu da nema a Kamaru, ta tsira da ƙyar da jiɓin goshi.

Abin lura a nan shi ne, magoya baya na tuna gwanintar 'yan wasa, amma kundin tarihi haƙuri da juriya ya rubuta. Mutumin da ya jagoranci ƙungiyar zuwa ga kofin 1993, marigayi Mahmud El Gohary, shi ne ya kai Masar gasar cin kofin duniya a Italiya a 1990, inda ta yi kunnen doki da Holland da kuma Ireland ta hanyar toshe gida. Wasanta da Ireland, wanda aka tashi babu ci, na daga cikin waɗanda ake ba da misali da su a duk lokacin da ake bayanin dalilin da ya sa a shekarar 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa. Ba wanda ya taɓa kiran El Gohary mai ƙayatar da 'yan kallo, amma kuma ba wanda ya ce a mayar da kofin da ya ciwo.

Domin fahimtar dalilin da ya sa haƙuri ke da muhimmanci a wasan gida, wajibi ne a duba irin matsalar da mai horar da 'yan wasan Zamalek ke fuskanta. Akasarin ƙungiyoyin da ke kawo mata ziyara, na cikin gida ne ko na sauran ƙasashen Afirka, ba sa zuwa da niyyar yin fito-na-fito da ita. Sukan jera 'yan wasa tara ko goma a bayan ƙwallo cikin sahu biyu, su toshe tsakiyar fili, su bar wa Zamalek ƙwallo ta yi ta yawo da ita daga wannan gefe zuwa wancan, suna jiran kuskure ɗaya kacal. Hanyar ɓalle irin wannan shinge sananniya ce, ko da yake ba ta da sauƙi. Tilas ne 'yan gefe su buɗe fili sosai domin tilasta wa 'yan bayan baƙi su rarrabu, tilas ne a riƙa juya ƙwallo cikin hanzari kafin sahun ya sake haɗuwa, kuma tilas ne a yi tanadi na musamman domin bugun kusurwa da bugun tazara, saboda sau tari ta nan ne ƙofa ke buɗewa. Uwa-uba kuma dole ne a bar mutane uku ko huɗu a baya a kowane lokaci domin tare harin ba-zata.

Duk waɗannan abubuwa lokaci suke buƙata, kuma lokacin shi ne ainihin abin da 'yan kallo ke ƙyashin bayarwa. Da zarar an yi mintoci 25 ko 30 ba a ci ba, sai gunaguni ya fara tashi daga kan benci-benci. Ɗan wasa kuwa ɗan Adam ne, yana da kunne. Daga nan sai 'yan bayan gefe su haura gaba dukkansu biyu a lokaci guda, 'yan tsakiya su shiga buga ƙwallo daga nesa ba gaira ba dalili, a riƙa cilla ta sama zuwa kan dogayen 'yan bayan da dama abin da suke so ke nan. Sai ka ga an bar wawakeken fili a baya, wanda ɗan gaba ɗaya mai gudu ya isa ya yi ɓarna a cikinsa. A gasar Afirka, inda ƙa'idar fifita ƙwallon da aka ci a waje ta sha yanke hukunci, irin wannan ganganci na da tsada matuƙa. Mutanen Kano ba su manta da shekarar 2009 ba, lokacin da Kano Pillars ta je Alƙahira ta yi 2 da 2 da Al Ahly mai riƙe da kofi, bayan an yi 1 da 1 a Nijeriya, ta kuma fitar da ita daga gasar. Abin da ya samu maƙwabciya yana iya samun kowa.

Wasannin ƙarshe guda biyu sun isa misali. A ranar 19 ga watan Mayun 2024 Zamalek ta shiga filin wasan Alƙahira tana buƙatar ƙwallo ɗaya domin rama kayen 2 da 1 da ta sha a Berkane. Ahmed Hamdi ya ci ƙwallon tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, kuma maimakon 'yan wasan Jose Gomes su ruɗu da sowar jama'a su bazama neman ƙari, sai suka riƙe abin da ke hannunsu har alƙalin wasa ya hura usur. A ɗaya ɓangaren kuma akwai shekarar 2016, lokacin da Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta zura mata ƙwallaye uku da nema a karawar farko. Dubban magoya baya sun yi tururuwa zuwa filin Burj Al Arab da ke kusa da Iskandariyya suna fatan ganin abin al'ajabi, amma ƙwallo ɗaya kawai aka samu, wadda Stanley Ohawuchi ɗan Nijeriya ya ci, kofin kuma ya wuce Pretoria. Sowar 'yan kallo na ƙara wa tsari mai kyau ƙarfi, amma ba ta gyara wanda ya riga ya rushe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko shakka babu, masu ƙorafi na da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Mutumin da ya ware wani ɓangare na albashinsa ya sayi tikiti, ya kuma kutsa cunkoson motocin Alƙahira, yana da haƙƙin ya ga abin da zai faranta masa rai. Sannan ƙungiyar da ta yi watsi da salon da aka san ta da shi, ta koma tsaron gida tsagwaronsa a gaban jama'arta, ta zubar da wani abu da kofi ba ya iya mayarwa. Amma fa kuskure ne a ɗauka cewar tsari da gwaninta kishiyoyin juna ne. Hassan Shehata, wanda ya kasance gwanin gwanaye a zamanin da yake sanye da rigar Zamalek, ya ci wa Masar kofin Afirka sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010, kuma akasari da 'yan baya uku yake wasa. Wannan bai hana ƙungiyarsa zura wa Kamaru da Cote d'Ivoire ƙwallaye hurhuɗu a Ghana a 2008 ba, ko doke Nijeriya da ci 3 da 1 a Angola a 2010. Haka nan Zamalek ɗin da ta doke Esperance ta Tunisiya da ci 3 da 1 a birnin Doha a watan Fabrairun 2020, a ƙarƙashin Patrice Carteron, an fi tunawa da ita saboda gwanintar Achraf Bencharki. Amma da ba don Tarek Hamed da ke tsaye a gaban 'yan baya yana share fage ba, da gwanayen ba su samu sukunin baje kolinsu ba.

Babban laifin dai ba na masu zama a benci-benci ba ne, na shugabannin da ke tafiyar da ƙungiya da kunne ne, waɗanda ke mayar da kowane gunaguni takardar sallama. A kakar wasanni ta 2024 zuwa 2025 kaɗai, bayan Jose Gomes ya yi murabus, an kawo Christian Gross, aka maye gurbinsa da Jose Peseiro, mutumin da ya kai Super Eagles wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a watan Fabrairun 2024. Shi ma bai cika watanni uku ba aka sallame shi, aka miƙa ragama ga Ayman El Ramadi. Wannan ɗabi'a ta daɗe. Shi Gross ɗin ya bar ƙungiyar a 2019 jim kaɗan bayan ya ciwo mata kofin nahiya na farko a cikin shekaru da dama, kamar yadda Jesualdo Ferreira ya tafi a ƙarshen 2015, shekarar da ya haɗa mata kofin lig da na ƙalubale. Mai yiwuwa ne wani ya ce ai duk da haka ana cin kofuna jefi-jefi, tun da El Ramadi ma ya lashe kofin Masar a 2025. Gaskiya ne. Amma akwai bambanci tsakanin kofin da aka tsinta da kuma mulkin da aka gina. Manuel Jose ɗan ƙasar Fotugal ya ci wa Al Ahly kofin zakarun Afirka sau huɗu tsakanin 2001 da 2008, saboda an ba shi shekaru yana gini a kan tushe ɗaya. Zamalek kuwa tun bayan 2002 ta kai wasan ƙarshe na wannan gasa a 2016 da 2020, ta kuma faɗi a dukkansu. Kocin da ya san cewar kunnen doki biyu a gida na iya raba shi da aikinsa ba zai yi kasadar gwada matashi ba, ba kuma zai koyar da tsarin da ke buƙatar watanni kafin ya nuna ba. A daidai wannan lokaci kuma basussuka sun sha janyo wa ƙungiyar takunkumin hana rajistar sabbin 'yan wasa, tauraronta Ahmed Sayed Zizo ya koma Al Ahly a 2025, yayin da Pyramids, wadda ba ta da ko kusa da yawan magoya bayanta, ta lashe kofin zakarun Afirka a wannan shekarar.

Akwai kuma wani al'amari da ya fi duk waɗannan nauyi, wanda bai kamata a rufe maganar wasan gida ba tare da an taɓo shi ba. A haƙiƙa gidan da ake magana a kai na aro ne. Filin da Zamalek ta mallaka a Mit Uƙba ya yi kaɗan ga manyan wasanni, kuma a can ne a watan Fabrairun 1974 mutane kusan 50 suka rasa rayukansu sakamakon turereniya gabanin wasan sada zumunci da Dukla Prague. A saboda haka magoya baya kan tsallaka kogin Nilu zuwa babban filin wasan Alƙahira da ke Madinat Nasr, mai ɗaukar mutane kimanin 75,000, wanda Al Ahly ma ke amfani da shi, ko kuma duk inda hukumomi suka tura su. A ranar 8 ga watan Fabrairun 2015, shekaru uku bayan bala'in Bur Sa'id da ya halaka mutane fiye da 70, aka tura su filin wasan rundunar tsaron sararin samaniya domin karawa da ƙungiyar ENPPI. An ƙayyade yawan tikiti, aka tara dubban mutane a wata ƙuntatacciyar hanya ta shingen ƙarfe, 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye, kuma aƙalla mutane 20 ba su koma gida ba. An ci gaba da wasan, aka tashi 1 da 1, in ban da Omar Gaber da ya ƙi shiga fili. Kofin lig ɗin da ƙungiyar ta lashe a wannan kaka, na farko cikin shekaru 11, a gaban kujerun da babu kowa aka kammala shi, kuma sai a shekarar 2018 aka fara barin 'yan kallo ƙalilan su dawo wasannin cikin gida. Tun daga nan lamba 20 ta zama abin tunawa a tsakanin magoya bayan Zamalek.

Bisa ga haka, buri na farko da ya wajaba mai goyon baya ya ɗauka zuwa fili, kuma haƙƙi na farko da ya wajaba a cika masa, shi ne ya shiga lafiya ya fita lafiya. Wannan nauyi ne a wuyan hukumomin tsaro da hukumar ƙwallon ƙafa da shugabannin ƙungiya, ta hanyar buɗe ƙofofi da wuri, da wadatar mashiga da mafita, da sayar da tikiti daidai da yawan kujeru, da kuma jami'an da aka horar domin kula da taron jama'a, ba domin tarwatsa shi ba. Su ma magoya baya na da nasu kason. Darasin kuwa bai tsaya a Masar ba. A Nijeriya ma an sha ganin yadda aƙidar cewar ba a shan kaye a gida ke rikiɗewa ta zama jifa da kutse cikin fili da cin zarafin alƙalan wasa, abin da kan ƙare da cin tara da kora zuwa wani gari, a wayi gari ƙungiya ta rasa gidan da aka yi faɗan dominsa.

A saboda haka idan aka hura usur a wasan Zamalek na gida, aka shafe rabin sa'a ba a ga raga ta motsa ba, ba lalle ne hakan ya zama alamar lalacewa ba. Abin dubawa shi ne ko 'yan wasa na riƙe da tazarar da ke tsakaninsu, ko ana buɗe fili, ko an bar masu gadi a baya. Idan waɗannan sun tabbata, to babbar gudummawar da jama'ar Mit Uƙba za su iya bayarwa ita ce su ci gaba da rera waƙoƙinsu har minti na 90, su kuma shugabanni su bar kocin ya kai ƙarshen kakar wasa kafin a yanke masa hukunci. Gwanintar da ake alfahari da ita ba ta gushe ba, amma a tsawon tarihin wannan ƙungiya ba ta taɓa ɗaukar kofi ita kaɗai ba tare da haƙuri ya riƙe mata ɗaya hannun ba.